DSLR ta masu koyo ko ƙaramar kyamara mai tsada, wacce za ka saya?

Tambayar nan tana yawan zuwa daga wanda ya gaji da hoton waya kuma ya ɗan tara kuɗi, ya je ya duba farashi sai ya tarar wai wata 'yar ƙaramar kyamara da za ta shiga aljihun kaftani ta fi babbar DSLR mai lens da jaka da komai tsada, sai kansa ya ɗaure. Toh ba yaudara ba ce, kayan biyu ne kawai ba aiki ɗaya aka yi su dominsa ba, kuma idan ka san aikin da za ka yi da ita zaɓin bai da wuya ko kaɗan.

Bari mu fara raba su. Idan aka ce DSLR ta masu koyo ana nufin irin su Canon 2000D da 4000D da 250D, ko Nikon D3500 da D5600, da tsofaffin da suka cika kasuwar kayan hannu kamar Canon 600D da 700D. Su ne masu madubi a ciki, ka leƙa ta tagar leƙe ka ga abin da lens ke gani, kuma lens ɗin ana cire shi a sa wani. Ƙaramar mai tsada kuwa ita ce irin Sony RX100 da aka fara fitarwa a 2012, da Canon G7 X, da Ricoh GR III, da Fujifilm X100V ko X100VI, lens ɗinsu a manne yake, yadda ka saye ta haka za ku zauna har ku rabu.

Abu na farko, dan Allah ka manta da megafiksel. Mai shago zai yi ta ce maka wannan 24 ce waccan 20 ce, ai duk ɗaya ne ga wanda zai ɗora hoto a Instagram ko ya wanke a sa a firem. Abin dubawa shi ne girman sensa, wato allon da haske ke sauka a kai a cikin kyamarar. Na Nikon D3500 milimita 23.5 ne da 15.6, na Canon ya ɗan gaza haka kaɗan, 22.3 da 14.9, shi kuwa na RX100 da G7 X wanda ake ce wa inci ɗaya 13.2 ne da 8.8. Idan ka lissafa za ka ga na DSLR ya ninka shi wajen sau uku a girman fili, wato tsawo sau faɗi, kuma wannan girman shi ne ke sa hoton dare ko na cikin ɗaki ya fita da tsafta babu ɗige-ɗigen nan kamar yashi idan ka ɗaga ISO, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske a wuri mai duhu.

Amma fa kar ka yi saurin cewa shikenan DSLR ta cinye, akwai wani wajen da ake rufe wa mutane. Lens ɗin da ake haɗowa da DSLR a kwali, 18-55mm ɗin nan, ƙofar haskensa f/3.5 ce a farko, da ka ja zum zuwa ƙarshe ta koma f/5.6, wato ta tsuke sosai. Shi kuwa G7 X Mark II da Mark III lens ɗinsu f/1.8 ne zuwa f/2.8, haka RX100 III da IV da V, kuma ka tuna ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Tsakanin f/2.8 da f/5.6 haske ninki huɗu ne. Ka ga kenan abin da DSLR ta samu ta wajen sensa ta zubar da shi ta wajen lens, shi ya sa za ka ga mutum ya sayi 2000D ya je wajen kamu da daddare ya ɗauka ya dawo yana cewa ai wayata ma ta fi ta. Gaskiya ya faɗa ta wani ɓangaren, domin da lens ɗin kwali kaɗai babu wani tazara mai yawa tsakanin su biyun a wajen da haske ya yi ƙaranci.

Inda labari ke canzawa shi ne ranar da ka sayi lens na biyu. Canon suna da 50mm f/1.8 STM, Nikon suna da 35mm f/1.8G DX da 50mm f/1.8G, suna cikin mafi araha a duk lens ɗin kamfanonin, kuma da ka ɗaura ɗaya daga cikinsu hoton mutum zai fito fuska tas baya ya narke, irin hoton kafin aure da ake yayi, wanda waya ke ƙoƙarin kwaikwaya da manhaja har ta riƙa cinye gefen gyale ko bakin hula. Ƙaramar mai inci ɗaya ba za ta ba ka wannan narkewar ba sai dai kaɗan idan ka matsa kusa sosai. Sayen DSLR kamar sayen fili ne, kana gini a hankali yadda aljihu ya ba da hali, yau lens gobe filash, ita kuwa ƙaramar ginannen gida ce da ba a ƙara masa ɗaki. Wani abu da ya kamata ka sani game da 50mm ɗin, a kan waɗannan kyamarorin yana matso da abu kusa kamar 75 ko 80mm ne, a ɗakin amarya da ya cika da 'yan uwa ba za ka samu wajen ja da baya ba, za ka jingina da bango har yanzu rabin mutane ne a hoton, don haka kar ka sayar da 18-55 ɗinka, shi ne na hoton taro.

Toh yanzu tambayar da za ka yi wa kanka tsakani da Allah, kuɗi kake so ka nema da ita ko kuwa hoton kanka da iyali da tafiye-tafiye kake so ya fi na waya kyau?

Idan sana'a ce, ko kana son ka koyi hoto da gaske, ni ban ga abin dogon tunani ba, DSLR za ka ɗauka. Dalili na farko filash. Bikinmu yawanci da yamma ne ko da daddare, a zaure ko a wajen taro mai fitilu kala-kala, kuma wanda bai da filash na sama da zai juya shi ya bugi silin haske ya sauko a hankali, hotonsa zai fita ko dai duhu ko fuska ta yi fari fat kwalliyar da aka biya kuɗi aka yi ta wanke. G7 X ba ta da wajen ɗaura filash, RX100 ma Mark II ce kawai ke da shi. Nan ma akwai tarko a wajen Canon, da yawa daga 2000D da 4000D da 250D an fitar da su babu ƙarfen tsakiya a wajen ɗaura filash ɗin, wanda shi ne filash masu araha na wasu kamfanoni ke dogara da shi, sai ka ɗaura ka danna ya ƙi tashi. Godox sun fitar da sabuntawar manhaja ga wasu filash ɗinsu saboda haka, amma kai dai abin da ya fi, ka leƙa wajen da idonka kuma ka gwada filash ɗin a kan kyamarar a shagon kafin ka biya. Tsofaffin 600D da 700D ba su da wannan matsalar.

Dalili na biyu batir, kuma a ƙasar da wuta ke zuwa yadda ta ga dama wannan ba ƙaramin abu ba ne. Nikon sun ƙiyasta D3500 tana ɗaukar hoto 1550 a caji ɗaya, 2000D kuma wajen 500, su kuwa ƙananan nan tsakanin 200 ne zuwa 300 da ɗoriya, GR III ma 200 ne cak. Dalilin kuwa a DSLR madubi kake leƙawa ba sikirin ba, ba ta cin wuta sosai sai lokacin da ka danna. Sai dai a nan ƙaramar tana da nata rangwamen, RX100 da GR III ana cajinsu da wayar USB, fawa bank ɗin da ke jakarka ya wadatar, DSLR kuwa sai an cire batir an sa a caja an jona a bango, sai dai ka nemi 'yar cajar USB da ake sayarwa daban. Ko wacce ka saya ka haɗa da batir na biyu tun ranar farko.

Dalili na uku kuma ba na fasaha ba ne, idon mutane ne. Uwar amarya ta biya kuɗi ka shigo da abu kamar akwatin ashana a hannu, wallahi ko hotonka ya fi na kowa kyau sai an yi ƙananan maganganu, kuma babu wanda zai matsa maka hanya ka wuce gaba. Babbar kyamara da igiya a wuya ita kanta katin shiga ce. Ba adalci ba ne amma haka kasuwar take.

Sai masu son hawan sallah. Idan burinka ka tsaya a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe ko a Katsina ko Zazzau ka ɗauko mahayi daga nesa da rawaninsa da kwalliyar doki, kana buƙatar dogon lens, kuma a DSLR wannan abu ne mai sauƙi, Canon 55-250mm ko Nikon 70-300mm, ga su nan na hannu. A cikin ƙananan RX100 VI da VII ne kawai ke kaiwa 200mm, kuma don su kai haka sai da aka rage musu ƙofar haske ta koma f/2.8 zuwa f/4.5, ga tsada. X100 da GR kuwa ba su da zum kwata-kwata, ƙafarka ce zum, kuma ba na ba ka shawarar ka matsa kusa da dawakai suna sukuwa.

Yanzu ɗaya ɓangaren. Akwai mutane da yawa, watakila ma su ne suka fi yawa, da suka sayi DSLR da ɗoki, wata biyu suna yawo da ita, daga nan ta koma cikin wadirob sai ranar suna. Ba don ba ta da kyau ba, nauyi ne da jaka da kuma yadda kowa ke juyowa ya kalle ka. D3500 da lens ɗinta sun haura giram 600, RX100 wajen giram 300 ce, GR III ko hakan ba ta kai ba, kuma bambancin ba a nauyin kaɗai yake ba, ɗaya tana shiga aljihu, ɗayar kuma sai ka yi shiri na musamman kafin ka fita da ita. Idan ke mace ce mai son ta jefa abu a jakar hannu ta je biki ta ɗauki ƙawaye, ko ɗalibi ne kai a waje kana son hotunan gari, ko kana son ɗaukar rayuwar kasuwa irin Kurmi ko Kantin Kwari ba tare da kowa ya tsargu ya gyara tsayuwa ko ya tambaye ka daga wace jarida kake ba, ƙaramar ta fi maka nesa ba kusa ba. Amma ko da ƙaramar ce ka nemi izini kafin ka ɗauki mutane, musamman mata, wannan ba sai an faɗa ba.

Bidiyo ma wajen ƙananan ya fi karkata. Masu TikTok da YouTube da masu tallan atamfa da leshi da abaya a intanet, abin da kuke buƙata sikirin mai juyowa ya kalle ku, da fokos da ke bin fuska da kansa, da ramin makirfo. D3500 da 2000D babu ko ɗaya cikin sikirin mai juyawa da ramin makirfo, kuma fokos ɗin 2000D a bidiyo abin tausayi ne. G7 X Mark III da RX100 VII suna da ramin makirfo, Sony ZV-1 ta 2020 kuwa dama don masu wannan harkar aka yi ta. Idan dole DSLR kake so kuma bidiyo na cikin lissafi toh 250D ce, tana da duka ukun, sai dai 4K ɗinta yana yanke gefen hoto kuma fokos ɗin mai kyau ba ya aiki a cikinsa, a 1080 za ka zauna, wanda dama ya ishe ka. Ka kuma sani ƙananan suna ɗaukar zafi, RX100 IV da V minti biyar aka ƙayyade musu a 4K, ka haɗa da zafin watan Afrilu ka gani.

Sai dai kafin ka zuba kuɗi a ƙaramar ka tambayi kanka wace waya ce a hannunka. Idan iPhone ce ta 'yan shekarun nan ko babbar Samsung, da rana a waje bambancin da za ka gani a sikirin ɗin waya ba shi da yawa, har akwai wayoyi irin Xiaomi 13 Ultra da 14 Ultra da sensansu inci ɗaya ne daidai da na RX100. Abin da ƙaramar ta fi waya da shi zum na gilashi na gaske, da filash na gaske, da launin fata da bai sha gyaran manhaja ba, da RAW, wato ɗanyen fayil ɗin hoto mai ɗaukar gyara. Idan waɗannan ba su dame ka ba ka riƙe kuɗinka. Ga shi kuma farashinsu ya haukace, tun da 'yan TikTok suka yi wa G7 X da X100V caa ake wahalar samunsu, har ta kai na hannu wani lokacin yana kamo kuɗin sabo ko ya wuce. A ganina biyan wannan kuɗin don yayi kawai asara ce, tsohuwar RX100 III ta 2014 za ta yi maka kusan duk abin da G7 X za ta yi a hoto, har da 'yar tagar leƙe mai tasowa wadda za ka gode mata ranar da hasken rana ya hana ka ganin sikirin.

X100 da GR III su wani jinsi ne daban, sensansu girman na DSLR ne a ƙaramin jiki, hotonsu babu abin cewa, amma lens ɗaya ne tak babu zum. Na wanda ya riga ya san irin hoton da yake so ne, ban cika son a fara da su ba.

Maganar ƙura kuma, wadda masu sharhin kyamara na Turai ba sa kawowa domin ba su san ƙurar hunturunmu ba. Mutane suna ɗauka DSLR ce ta fi haɗari tunda ana buɗe ta, kuma gaskiya ne ƙura na shiga idan kana canza lens a waje, amma ita ana buɗewa a hure da 'yar robar hura iska, ko a kai wa mai gyara ya goge sensan cikin 'yan mintuna. Ƙaramar fa, lens ɗinta yana fitowa yana komawa duk lokacin da ka kunna ka kashe, yana jan iska da ƙura ciki, idan ƙura ta zauna a sensa sai an kwance kyamarar gaba ɗaya, idan kuma yashi ya shiga tsakanin zobban lens ɗin ya maƙale toh kyamarar duka ta tsaya, ba kamar DSLR ba da za ka cire lens ɗin ka sa wani ka ci gaba da aiki. Masu gyaran Canon da Nikon DSLR da kayan gyaransu sun fi sauƙin samu. Don haka idan ka sayi ƙaramar kar ka jefa ta tsirara a aljihu, ka nema mata 'yar jaka mai zif. Idan DSLR ce ka canza lens a cikin mota ko ɗaki, bakin kyamarar na kallon ƙasa, kuma kar ka taɓa hurawa da bakinka.

Wani zai ce ai an daina yin DSLR. Eh kusan haka ne, Nikon sun daina ƙera D3500 da D5600, su da Canon duk sun koma kan marasa madubi, irin Canon R50 da R100 da suka fito a 2023. Idan sabuwa fil za ka saya a kwali kuma kuɗin ya kai, ka duba R50 kafin ka yanke shawara. Amma ga mai sayen na hannu wannan sauyin alheri ne, masu kuɗi suna ta sayar da tsofaffin kayansu, lens ya yi yawa a kasuwa, kuma lens ɗin Canon EF da ka saya yau zai hau kan sabbin R da adafta, na Nikon ma akwai adaftar FTZ, ba asara za ka yi ba.

Idan ka tashi saye, ko a Computer Village ne a Ikeja ko Banex a Abuja ko wajen wani a intanet, ka tafi da memorinka kuma kar ka biya sai ka riƙe ta a hannu. A DSLR ka tambayi adadin hoton da ta taɓa ɗauka, irin waɗannan ana ƙiyasta shotarsu, wato labulen da ke buɗewa ya rufe duk lokacin da ka danna, tana jure hoto wajen 100,000, ta Nikon lambar tana ɓoye cikin bayanan kowane hoto, ka ɗauki ɗaya ka ɗora a shafukan da ke karantawa za ka gani, ta Canon yawanci sai an jona da kwamfuta. Wadda ta yi aikin biki shekara da shekaru za ka gane ta ko daga robar riƙo da ta saki da rubutun maɓallai da ya goge. Ka cire lens ka haska shi da fitilar waya ta baya, 'yar ƙura ba komai ba ce, amma idan ka ga zare-zare kamar saƙar gizo toh fumfuna ce, ajiye musu kayansu, kuma an fi samun haka a kayan da suka daɗe a wajen danshi irin Legas. Sannan ka tsuke ƙofar haske zuwa f/16 ko f/22 ka ɗauki farin bango ko sararin sama, duk wani tabo da ke kan sensa zai fito. A ƙaramar ma ka yi wannan gwajin da f/11, kuma a ita idan ka ga tabo kar ka saya ko an rage maka, ka kunna ka kashe sau da yawa kana saurare, lens ɗin ya fita ya koma sumul babu ƙara babu tsayawa a hanya.

Masu Nikon ku kula da abu ɗaya, jerin D3000 da D5000 ba su da injin fokos a jikinsu, don haka tsohon 50mm f/1.8D mai arahar nan zai hau amma ba zai yi fokos da kansa ba, lens mai injin fokos a jikinsa, wanda aka rubuta wa AF-S ko AF-P, za ku nema, shi ma AF-P ɗin ba ya aiki a tsofaffi irin D3100 da D5100. Kuma wajen kasafi kar ka ƙarar da kuɗin duka a jikin kyamara, gara ka sayi 700D ko D3400 ta hannu mai lafiya ka bar canjin 50mm da batir da memori na asali da filash, da ka sayi sabuwar 2000D ka zauna da lens ɗin kwali shekara biyu. Memorin ma ka gwada shi a kwamfuta ka cika shi ka ga ya ɗauki abin da aka rubuta a jikinsa, na jabu sun yi yawa kuma ba sa nuna halinsu sai ranar da ka gama ɗaukar ɗaurin aure.